Gafakar Kaka Boyi

Illela, goma sha biyu ga Muharram, shekara ta 1318

Daga Halilu ɗan Muhammadu Jalo zuwa ga Halimatussa'adiya ɗiyar kawuna Malam Jibril, a Sakkwato. Sallama gwargwadon abin da addini ya ɗora mini. Ina fata kina lafiya ke da ɗiyanki. Mu nan muna numfashi. Matata Bilki tana fama da gwiwa, ni kuma idon hagu ya fara yin duhu, ina ganin mutane kamar ta cikin hayaƙin murhu.

Bayan haka, takardarki ta iske ni ta hannun fataken gishiri. Shekara talatin da ɗaya ba ki rubuto ba, sai yanzu kin tuna kina da taubashi, don kina son in juya miki littafin magunguna na kakanmu Malam Boyi, in rubuta sabo da hannuna. Da hannuna, Sa'adiya? Ko kin manta? Ni ban manta ba. Kin shigo zaure da ƙwaryar fura, kina 'yar shekara goma sha uku, kinka leƙa warƙar da na kwana biyar ina ƙawatawa, kinka ce, "Baba, ya tsallake layi ɗaya." Kawu ya ɗaga warƙar sama gaban ɗalibai ashirin ya ce, "Halilu, yarinya mai kawo fura ta gyara ka." Anka yi dariya har da masu wucewa. Aikin magatakarda da anka ce za a ba ni gidan alƙali, anka ba wani. Washegari ina ɗaure kaya kawu ya miƙo mini gafakar Kaka da littafin a ciki ya ce, "Tahi da wagga." Ko kallona bai yi ba. Na gane sallama ce: ɗauki rabon uwarka ka ba mu wuri.

Na taho da ita. Tana rataye a azarar ɗakina, kuma tun ranar ban kwance igiyarta ba. Shekara goma sha huɗu na yi ina karatu, ga ni ina noman gero a ƙasar da ba ta san nahawu ba. Ko laya ba na rubutawa. Wagga takarda ma sau uku na fara ta.

Kin ce kina tsoro littafin ya salwanta, tunda shi kaɗai ne a duniya. Ni ma ina tsoro, kuma na fi ki dalili. Bara mun tsaya bayan gari muna kallon hayaƙin Ƙwanni bayan da sojan Nasara sunka shige ta. Tun daga nan in jaki ya yi kuka da ƙarfi sai mata su ɗauki 'ya'ya. Ina duban gafakar in ce yau ko gobe wuta za ta ci ta. Amma abin da ya fi wuta ba ni tsoro shi ne in buɗe ta. Da na idar da sallar asuba akwai wata murya da ke zama kusa da ni a buzu. Muryar kawu gare ta. Tana cewa, ka tsufa, idonka ya tafi, kana matashi ma ka tsallake layi, to yanzu fa? Littafin magani ne. In na tsallake layi wani ya sha abin da zai kashe shi, wa za a tambaya ranar hisabi?

Ki nemi wani. Sakkwato ba ta rasa masu hannu ba. Wassalam.

Sakkwato, ashirin ga Safar, shekara ta 1318

Daga Halimatussa'adiya zuwa ga taubashina mai dogon fushi, Malam Halilu. Gaisuwa mai yawa, wadda ta wuce gwargwadon da ka auno mini. Muna lafiya, sai haƙora da ke ta yin ƙaura ɗaya bayan ɗaya. Ka gaida Bilki, ka ce mata Allah ya ba ta ladan zama da kai.

Bayan haka, na yi dariya da na karanta takardarka, daga baya na yi kuka. Wallahi ban san abin ya kai haka ba. Ni ta bayan bango nike jin karatunku ina daka, na haddace wurin, bakina ya riga hankalina. Ka yafe mini. Amma ka duba: mutumin da ya ce hannunsa ya mutu ya rubuto mini warƙa biyu, na bi su layi-layi ina neman abin da zan tsokane ka da shi, ban samu ba.

Muryar da kake faɗi na san ta. Shekarar da agana ta ɗauke mini miji da ɗiya maza biyu cikin wata ɗaya, ni ma ta zauna mini a tabarma. Cewa take, mi za ki tashi yi? Duk abin da kinka taɓa mutuwa shike yi. Na yi wata uku ban riƙe mazari ba. Wata tsohuwa mai kawo mana nono, Goggo Altine, ita ta shigo ta aje mini ƙoƙo da 'ya'yan tsamiya. Ta ce, "Yau ki kaɗa zare cikin mazari ɗaya tak, ki jefa ƙwallo ɗaya. Kada ki ƙara ko kin ji ƙarfi." Na ce mata wasan yara ne. Ta ce, "To, ai babba ya kwanta, bari yaro ya gwada."

Haka nike so ka yi. In rana ta ɗaga, ka zauna bakin ƙofa inda haske ke faɗo wa idon dama, ka juya warƙa ɗaya. Ɗaya, Halilu. Kada ka dubi kaurin littafin. In ka gama ka jefa ƙwallo a ƙoƙo, ka kira sunanka da bakinka, yadda za ka yi wa ɗalibin da kake so, ka ce, "Madalla Halilu, yau ka yi." Da ƙarfi, ba cikin ciki ba. Bilki za ta ce ka taɓu, bar ta. In muryar ta zo da asuba, kada ka yi gardama da ita, ta fi ka baki. Ka ɗauki ƙoƙon ka girgiza. Ita zance gare ta, kai kuwa kana da abin da ke ƙara. In kuma ka yi kuskure, ka gyara a gefen warƙa kamar kowane mai juyi. Baba ya sha faɗa mini gefen littafin Kaka cike yake da gyaran Kaka da kansa.

Ga takarda nan na aiko, mai kyau ce, da ƙullin ƙaro na haɗa tawada. 'Ya'yan tsamiya kuwa kana da su a can. In kaka ta yi, Jaɓɓo mijin ɗiyata zai biyo ta Illela da shanu. Na ce ya tsaya ya karɓo mini littafin.

Taubashiyarka, mai kawo fura.

Illela, goma sha tara ga Rabi'ul Awwal, shekara ta 1318

Daga Halilu zuwa ga Halimatussa'adiya. Sallama. Muna lafiya, an yi ruwa biyu, an shuka.

Bayan haka, zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi. Na kwance igiyar. Na juya warƙar farko tun hantsi har azahar, na jefa ƙwallo, na ce abin da kinka ce in ce. Bilki ta leƙo ta ce, "Malam, wa ya zo?" Na ce ba kowa. Ta ce, "To wa kake yi wa madalla?" Kwana tara na yi, ƙwallo tara. A rana ta bakwai har na ji yunwa, abin da na daɗe ban ji ba.

A rana ta goma na sake karanta takardarki don in ji daɗi, sai idona ya sauka a layin ƙarshe. Jaɓɓo ya tsaya ya karɓo miki littafin. Sai na gane. Kin san ba zan gama ba. Ƙoƙo da tsamiya abin lallashin tsoho ne, a ba shi ya yi ta girgizawa har makiyayi ya iso ya ɗauke gafakar daga kan azara, a kai wa mai ido biyu a birni. Muryar ta faɗa mini haka tun ranar farko, na ƙi ji. Sau biyu ke nan gidanku yana sa ni in ƙawata warƙa don a yi dariya.

Abu ɗaya na fito da shi daga Sakkwato, kuma ba za a raba ni da shi ba. Na ɓoye shi inda wuta ba ta kai, Nasara ba su kai, Jaɓɓo bai kai. Ki gaya masa kada ya wahalar da shanunsa. Wassalam.

Sakkwato, biyu ga Rabi'us Sani, shekara ta 1318

Daga Halimatussa'adiya zuwa ga Halilu. Gaisuwa a tsaye, don mai ɗaukar takarda yana bakin ƙofa. Lafiya muke.

Halilu, kai wane irin mutum ne? Sabon da za ka rubuta nike nufi! Na Kaka naka ne, Baba ya ba ka, wa ya isa ya karɓe? Da ina son ƙwacewa zan aiko maka da takarda mafi tsada a kasuwa?

Amma bar wannan. Ina ka sa shi? Ka ce inda wuta ba ta kai. Na juya zancen a raina, ban ga ko'ina ba sai ƙasa. In binne shi ka yi, don girman Allah ka tone yau, kada ka gama karanta wagga takarda. Damina ce. Kai manomi ne, ka fi ni sanin abin da gara ke yi in ƙasa ta jiƙa.

Akwai abin da na ɓoye maka, laifina ne. A ciwon ajalinsa, shekara goma sha ɗaya ke nan, Baba ya tambaye ni har sau biyu, "Halilu ya karanta warƙar ƙarshe?" Ya ce ranar nan ta dariya, bayan la'asar da ɗalibai sunka watse, ya zauna ya yi maka rubutu a bayan warƙar ƙarshe ta littafin, inda Kaka ya bar fili. Ya cika ta har ƙasa. Na ce mi ka rubuta, Baba? Ya ce, "Tsakanina da shi ne." Ka san shi, bai iya faɗin magana mai taushi da baki ba, shi ya sa bai dube ka ba da ya miƙo maka. Ya yi ta jiran amsarka har ya rasu. Ni kuwa na ɗauka ka karanta ka yi shiru, shi ya sa ni ma na yi fushi na yi shiru. Sai da takardarka ta farko ta zo na san ba ka ko kwance igiyar ba. Na ce bari in ƙyale ka, ka bi warƙa ɗaya-ɗaya har ka iske ta da kanka, ta zama tukuicinka. Dabara na yi, ga inda ta kai mu.

Ka tone, Halilu. Ka tone.

Illela, ashirin da ɗaya ga Rajab, shekara ta 1318

Daga Halilu zuwa ga taubashiyata Sa'adiya. Gaisuwa da fatan alheri. Mun yanke gero, an samu kaɗan. Gwiwar Bilki da sauƙi. Idon hagu kuwa yanzu rana kawai yake bambantawa da inuwa.

Bayan haka, takardar da kinka rubuta a Rabi'us Sani sai makon jiya ta iso. Wanda kinka ba ya iske gulbi ya cika, ya koma, daga baya anka yi ta jita-jitar sojoji a hanyar arewa, fatake sunka zauna. A ƙarshe Jaɓɓo ne da kansa ya kawo ta cikin hularsa. Ya durƙusa ya ce, "Baffa, Inna ta ce in sabon bai ƙare ba in wuce abina, in dawo in na juyo da shanu." Na dube shi, mutum mai kunya, ko ɗakina bai kalla ba. Shi ne na yi wata huɗu ina jin tafiyarsa a kunnena.

Kin yi daidai. Ƙasa ce. Na sa gafakar cikin tulu, na liƙe bakin da yumɓu, na binne ƙarƙashin rumbu. Da na karanta zancen warƙar ƙarshe sai na aje takardar. Kin ce in tone kafin in gama karantawa. Kwana huɗu na yi ban tone ba. Ina zagaya rumbun kamar mai zagaya kabari. Muryar ta samu abin da take so, tana cewa, ka kashe littafin da hannunka, kada ka duba, muddin ba ka duba ba yana nan lafiya. Na san ƙarya ce, amma ƙaryar ta fi mini sauƙi.

Rana ta biyar Bilki ta fito da ƙoƙon daga bayan randa inda na jefar da shi, ta aje gabana. Ƙwallo taran suna ciki. Na girgiza. Na ce wa kaina, Halilu, ba a ce ka tone ba, ɗauki fartanya ka kai gindin rumbu ka aje, shi ke nan aikin yau. Na kai. Na jefa ƙwallo, na yi wa kaina madalla. Washegari na ce taƙi ɗaya za ka haƙa. Rana ta uku da fara aikin fartanya ta taɓa tulu.

Yumɓun ya tsage, Sa'adiya. Gara ta shiga. Da na ɗago gafakar gindinta ya zube a hannuna, fatar ta zama ƙasa. Na shimfiɗa zane a rana na zare littafin a hankali. Warƙoƙin sama lafiya lau, kamar jiya Kaka ya aje alƙalami. Na ƙasa kuwa sun manne da jar ƙasa, ban san iyakar inda ɓarnar ta kai ba. Warƙa ɗari da ashirin ne duka, haka Kaka ya rubuta a farko.

Ban ɗaga na ƙasan ba, kuma ba zan ɗaga ba yanzu. In na duba na iske babu, na san kaina, ba zan ƙara riƙe alƙalami ba, sauran ma su tafi a banza. Na ɗora littafin a kan faifai, na rataye da igiya inda iska ke ratsawa, na zuba toka a gindin bango. Gobe zan juya warƙa ta goma. Ina tsoro ƙwarai. Ina tsoron ido ya riga ni, ina tsoron abin da ke jirana a ƙasan tarin. Ki yi mini addu'a.

Sakkwato, goma ga Sha'aban, shekara ta 1318

Daga Sa'adiya zuwa ga Malam Halilu. Gaisuwa da jinjina. Muna lafiya. Ka ce wa Bilki na ji abin da ta yi, ta fi mu duka biyu hankali.

Ba zan ce maka warƙar tana nan ba, don ban sani ba, kuma ka gaji da masu yi maka dabara. Abin da na sani, ka ji tsoro ka kuma ɗauki fartanya. Ni ma na fito da tsohon ƙoƙona. Kowace safiya ina jefa ƙwallo ɗaya a nan saboda kai, don haka kada ka sa ni in yi ƙarya. In ka tsallake layi, ka bar mini shi, na iya ganowa.

Illela, goma sha shida ga Zulƙida, shekara ta 1318

Daga Halilu zuwa ga 'yar'uwata Sa'adiya. Gaisuwa mai yawa, ba awo. Ina fata kun yi salla lafiya. Bilki tana gaishe ki. Idon hagu ya rufe gaba ɗaya cikin azumi. Na dama yana nan, sai dai yana ruwa in na daɗe.

Bayan haka, Jaɓɓo ya juyo da shanu, ga littafinki nan a hannunsa. Na ɗinka masa sabuwar gafaka wurin badukun garin Araba.

Ba kullum na yi ba, kada ki yabe ni fiye da kima. Kwana uku na zazzaɓi ban rubuta ba. Ranar da anka yi ihun ƙarya cewa ga dawaki nan daga arewa, gari ya watse cikin karan gero, na gudu da faifan a kaina kamar mai tallan ƙosai. Da munka dawo na zauna na juya warƙar ranar, don kada ki jefa ƙwallo a banza. Muryar ba ta tafi ba. Har yau tana zuwa bayan asuba. Amma na lura ta daina yin kama da ta kawu. Tawa ce, tun farko tawa ce. Ina ce mata, na ji, zauna can, ina da aiki.

Na tsallake layi sau huɗu. Duk na gano su da kaina da na sake bi, na gyara a gefe. Kuma gaskiyarki, a warƙa ta sittin da biyu, wurin maganin saran maciji, Kaka ya tsallake layi biyu cur ya maido su a gefe da ƙaramin rubutu. Na daɗe ina kallon wurin. Na yi dariya har Bilki ta ce yau kam sai an nemo mai ruƙiyya.

Shekaranjiya na iso ƙasan tarin. Na yi alwala, na zauna bakin ƙofa, na sa bakin wuƙa ina ɓamɓarewa a hankali.

Warƙa ɗari da uku sun tsira duka, na juya su. Takwas da ke biye gara ta ci rabinsu, na rubuta abin da ke karantuwa na bar fili inda babu, ban cika da ka ba. Tara na ƙarshe ba su nan, sun zama ƙasa. Ta kawu tana cikinsu. Abin da ya saura daga gare ta kusurwa ɗaya ce kamar farcen babban yatsa, kuma babu rubutu a kanta.